Kafin a Haɗa Kifaye a Tanki Ɗaya: Nazari kan Zaɓen Kifayen Ado ga Sabon Mai Kiwo

Tankin gilashin da ake girkewa a falo, a zuba masa yashi da ruwa da 'yan tsirrai, yakan tara halittun da ba su taɓa haɗuwa a kogi ɗaya ba. Niyon tetira, ɗan mitsitsin kifin nan mai layin shuɗi da ja, asalinsa ƙoramun saman kogin Amazon ne, a ƙasashen Peru da Kolombiya da Barazil. Gupi daga Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad ya fito. Daniyo mai zane-zane ɗan kogunan Indiya da Bangaladash ne, beta ɗan fadamu da gonakin shinkafa na Tailan, kifayen mbuna kuwa mazauna duwatsun tafkin Malawi. A shago duk suna jere, tanki kusa da tanki, kuma girmansu kusan ɗaya domin yawanci 'ya'ya ake kawowa kasuwa. Shi ya sa mai saye yake ɗauka duk abin da ya burge idonsa zai zauna da ɗan'uwansa lafiya. Tambayar da ya saba yi ita ce, "Wannan yana faɗa?" Da an ce masa a'a, sai a ƙulla masa a leda.

Tambayar ba laifi ba ce, sai dai ta zo da wuri. Kifaye biyu za su iya zama masu sanyin hali, ba mai taɓa wani, amma ɗaya ya yi ta ramewa har ya mutu, domin ruwan da ya yi wa ɗan'uwansa daidai shi bai karɓe shi ba. Abin da nake son kafawa a wannan nazari shi ne, dacewar kifaye da juna tana farawa daga ruwan da mutum yake da shi a gidansa. Bayan ruwa sai girman da kifin zai kai in ya manyanta, sai yadda yake zama da 'yan jinsinsa da baƙi, sai kuma kwanakin tankin kansa. Wanda ya bi wannan tsari zai ga kifayen da zai iya saya sun ragu ƙwarai, kuma gara su ragu a takarda da su ragu a cikin tanki.

Tun farkon wannan sha'ani ma da ruwa aka fara. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya bayyana yadda ya ajiye kifayen zinariya a babbar kwalba tare da tsiron ruwa da dodon koɗi, ruwan ya daɗe bai ɓaci ba saboda kowanne yana amfani da abin da ɗayan ya fitar. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe wa jama'a ɗakin kallon kifaye na farko. Abin da gwajin Warington ya nuna yana nan har gobe: tanki wuri ne rufaffe. Kogi yana wanke kansa, kuma kifin da aka matsa wa a kogi yana da inda zai gudu. A tanki babu ko ɗaya daga cikin biyun, sai abin da mai tankin ya tanada.

Ruwan da ke gidanka

Kifi ba ya riƙe zafin jikinsa da kansa. Zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Yawancin littattafan wannan fanni a ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda babbar damuwar mai kiwo ita ce hita. Mai kiwo a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri damuwarsa biyu ce. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ruwan tankin da ke ɗakin da babu na'urar sanyaya iska kuma yakan haura 30. Da hunturu, a Disamba da Janairu, dare yakan sauko ƙasa da digiri 15, ƙaramin tanki kuwa ba ya jimawa yake bin iskar ɗaki.

Zafi yana cutarwa ta hanya biyu a lokaci guda. Litar ruwa a digiri 20 tana iya ɗaukar kimanin miligiram 9 na iskar oksijin, amma a digiri 30 ba ta wuce kimanin 7.5. Jikin kifi kuwa ƙara sauri yake yi da zafi, har ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka bukatarsa ta iska da abinci. Wato iskar tana raguwa daidai lokacin da aka fi bukatarta. Duk wanda ya leƙa tanki da asuba a bazara, bayan an kwana babu wuta famfon iska ya tsaya, ya san abin da ake nufi. Kifayen da suka saba yawo a tsakiya duk sun taru a sama, kawunansu a ɗage, bakunansu na buɗewa da rufewa a fatar ruwa, murafen numfashin da ke gefen kawunansu na bugawa da sauri, launinsu ya koɗe. In ka saka musu abinci ba mai kulawa.

A nan ne kifaye suke rabuwa gida biyu. Niyon tetira, wanda aka bayyana wa duniyar kimiyya a 1936 kuma ya zama kifin da ake fara nuna wa sabon shiga, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 26. Ɗan farin gajimare, ƙaramin kifin da aka fara samu a dutsen Baiyun kusa da birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya fi son ƙasa da haka ma, wajen 16 zuwa 22. Haka koridoras fanda da kifin zinariya, ba masu son zafi ba ne. A ɗaya gefen akwai kadinal tetira na kogin Rio Negro, wanda ya yi kama da niyon ainun sai dai jan layinsa ya ratsa cikinsa gaba ɗaya, da koridoras sitabai, da kuli mai siffar tsutsa, da gurami mai lu'ulu'u, da beta, da moli da gupi. Waɗannan suna zaune lafiya a 26 zuwa 28, suna kuma jure 30 na ɗan lokaci. Hukuncina a nan shi ne, niyon ba kifin Sakkwato ba ne sai a ɗakin da ake sanyayawa ba yankewa. A Jos ko tsaunin Mambila lamarin ya juya, can hita ce ta zama tilas ga masu son ɗumi.

Wasu kifayen suna da wata baiwa da ta dace da ƙasar da wuta ke yawan ɗaukewa. Gurami da beta suna da wata gaɓa a cikin kai da ke ba su damar shaƙar iska kai tsaye daga sama, domin ruwan fadamun da suka fito bai cika samun iska ba. Koridoras shi ma yakan zabura sama, ya haɗiyi iska, ya dawo ƙasa, hanjinsa ne ke tsotse ta. Ganin hakan jefi-jefi ba matsala ba ce, ɗabi'arsa ce. In ya zama kowane minti yana hawa da sauka, to ruwan ne ya rasa iska.

Bayan zafi sai nauyin ruwa da tsaminsa. Ruwa mai nauyi shi ne mai yawan sinadaran kalsiyam da magniziyam, wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa, yana kuma barin farin ɓawo a butar dafa shayi. Tsami kuwa ana auna shi da ma'aunin pH: 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita akasinsa, kuma tazarar kowace lamba ninki goma ce. Ruwan Rio Negro baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ganye, kusan babu ma'adini a cikinsa, pH ɗinsa yakan faɗo ƙasa da 5. Na tafkin Malawi yana tsakanin 7.7 da 8.6. Kadinal tetira da mbuna ke nan, tazarar da ke tsakanin ruwayensu ta kai ninki dubu. Gupi da moli da filati, masu haihuwar 'ya'ya da rai, ruwa mai nauyi suke so, pH 7 zuwa 8. A ruwa marar nauyi moli yakan tsaya wuri ɗaya yana kaɗa jiki, fikafikansa a naɗe, daga nan sai cuta ta biyo baya.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Mafi yawan kifayen da ke kasuwa ba daga daji aka kamo su ba, a gonakin kifi na Singafo da Tailan da Indunusiya da jihar Fulorida ta Amurka aka haife su, kaka da kakanni, sun saba da ruwa matsakaici. Ruwan da bai cika daidai ba amma ba ya canzawa ya fi ruwan da ake ta juyawa da magunguna, yau sama gobe ƙasa. Shawarar da ta fi sauƙi kuma ta fi arha ita ce mutum ya sayi ɗan kayan gwaji, ya auna ruwan famfonsa ko na rijiyar burtsatsensa, domin ruwan unguwa ɗaya yakan bambanta da na maƙwabciyarta, sannan ya zaɓi kifayen da suka dace da abin da ya gani. Mai ruwan famfo ya tuna da kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta: yana ƙona gaɓoɓin numfashin kifi, kuma dole a kashe shi da maganinsa kafin ruwan ya shiga tanki.

Girma da baki

Masu kiwon tarwaɗa a ƙasar nan ba sai an gaya musu wannan ba. Suna tace 'ya'yan kifinsu lokaci-lokaci, su ware waɗanda suka yi saurin girma, domin in an bar su za su cinye 'yan'uwansu. Ƙa'idar ɗaya ce a tankin ado: duk abin da ya shiga bakin kifi abincinsa ne, kuma wannan ba mugunta ba ce. Kifin anjel, mai faɗin jiki da dogayen fikafikai, yana ƙarami yakan zauna da niyon lami lafiya. In ya kai girmansa, tsawon santimita 15 da tsayin da ke kaiwa 20, sai niyon su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya da dare, mai tanki yana ta neman gawa bai gani ba.

Babbar matsalar ita ce girman da ake gani a shago ba shi ne girman kifin ba. Fileko, wanda ake tallata shi a matsayin mai goge gilashi, ana sayar da shi yana santimita 5 ko 6, amma nau'in da ya fi yawa a kasuwa yana wuce santimita 40, kuma in ya girma kashin da yake fitarwa ya fi dattin da yake gogewa. Oska yana kai santimita 30 ko fiye. Kifin da ake kira shak mai ƙyalli, alhali ɗan'uwan tarwaɗa ne daga kogin Mekong, yana wuce mita ɗaya. Kifin zinariya na gama-gari yana kai santimita 20 zuwa 30, yana kuma iya haura shekara 10 a raye in ya samu kulawa. Maganar da ake yawan ji cewa kifi yana girma ne daidai tankinsa, rabin gaskiya ce mai cutarwa. Girman yana tsayawa, haka ne, amma gurɓataccen ruwa da ƙunci ne suka tsayar da shi, kuma kifin da ya tsumbure ta wannan hanya ba ya cika kwanakinsa.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ta zo daga Amurka, cewa inci ɗaya na kifi ga galan ɗaya na ruwa, wato kimanin santimita 2.5 ga lita 3.8. Tana ɗan aiki ga ƙananan kifaye sirara, amma lissafinta ya karye da zarar kifi ya girma. Dalili kuwa, in tsawon kifi ya ninka sau biyu, nauyinsa ninkawa yake yi sau takwas, tunda faɗi da kauri su ma sun ƙaru. Niyon 10 masu santimita 3 kowanne, jimillarsu santimita 30, daidai da oska ɗaya. Amma niyon goman ba su kai giram 10 ba, oskan kuwa ya haura rabin kilo. Abin da ruwa yake ɗauka nauyin nama ne da yawan abincin da ake zubawa, ba tsawo ba.

Girman tanki shi ma yana da nasa. Ana sanin litar tanki ta hanyar ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 1000. Tanki mai 80 da 35 da 40 ya tashi lita 112, ko da yake yashi da duwatsu za su cinye wani abu. Sabon shiga yakan zaci ƙaramin tanki ya fi sauƙi, alhali akasin haka ne, domin ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi da saurin ɓaci. Tanki mai tsawo da faɗi ya fi mai tsayi, saboda ta fatar ruwa iska take shiga, kuma kifaye a kwance suke iyo.

Hali

Yanzu muka iso ga tambayar mai saye. Ko a nan ma amsar ba ta tsaya ga "yana faɗa" ko "ba ya faɗa" ba, domin halin kifi yana canzawa da yawan 'yan'uwansa da fasalin wurin da aka sa shi. Tetira da rasbora da daniyo da koridoras kifayen garke ne. A kogi yawa shi ne garkuwarsu, kuma wanda aka raba da garke yana zaune ne cikin tsoro ko da babu abin da ke bin sa. A 2010 wasu masana a Birtaniya, cikinsu har da Katherine Sloman, sun wallafa gwajin da suka yi a kan nau'i huɗu na kifayen gida, suna canza yawan kowace ƙungiya. Sun ga cewa a niyon tetira da ɗan farin gajimare, ƙaruwar yawa ta rage tsangwama da firgita. A 2011 Ronald Oldfield na jami'ar Case Western Reserve a Amurka ya gwada 'ya'yan wani kifi mai zafin rai da ake kira Midas, ya tarar faɗa ya ragu ne a tanki babba mai maɓoya da shamakai. Game da yawa, masu kiwo sukan ce kada garke ya gaza shida, kuma takwas zuwa goma ya fi.

Wannan yana da sakamako a aljihu da kuma ido. Sha'awar sabon shiga ita ce ya ɗauki biyu daga nan, biyu daga can, har nau'i takwas. Da zai ɗauki nau'i biyu ko uku kawai, kowanne da cikakken garkensa, da kuɗin bai ƙaru ba, kifayen sun fi lafiya, tankin kuma ya fi kyau, domin launin kifin da hankalinsa ya kwanta ya fi fitowa.

Taiga bab, mai ratsin baƙi huɗu a jiki daga tsibiran Sumatara da Boniyo, shi ne misalin da ya fi fito da wannan fili. A garken goma suna shagaltuwa da junansu, suna kora da tsere. In uku ne kacal, sai su koma kan maƙwabta, kuma abin da ke jan su shi ne dogon fiffike mai lilo. A haɗa su da namijin beta ko gupi mai faffaɗar wutsiya, a duba bayan kwana biyu: gefen wutsiyar da ke santsi ya zama yage-yage, beta ya maƙale a kusurwa bayan matata, ba ya fitowa sai shaƙar iska. Raunin ba ya kashewa nan take, amma ƙofa ce ga ruɓewar fiffike. Shi kansa beta ba a haɗa namiji biyu, wannan sananne ne, kuma bai cika jituwa da namijin gupi ko gurami ba, domin kamanninsu na tayar masa da hankali.

Masu haihuwa da rai tasu matsalar daban ce. Namijin gupi ba ya gajiya da bin mace, don haka ake sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, a raba wahalar. Macen tana haihuwa kusan duk wata, kuma tana iya ajiye maniyyi a jikinta ta yi haihuwa da yawa daga barbara ɗaya, ta yadda wanda ya sayi mata zalla ma zai iya wayar gari da 'ya'ya. Wanda bai shirya wa wannan ba ya sayi maza kawai.

Rabon wuri ma yana rage rikici. Wasu kifayen a sama suke rayuwa, wasu a tsakiya, wasu a ƙasa, kuma bakinsu yana nuna hakan: mai kallon sama, mai kallon gaba, mai kallon ƙasa. Tankin da kowane hawa ke da mazauninsa ya fi wanda kowa ya cunkushe a tsakiya. A kula kuma da saurin ci. Daniyo yakan wawashe abinci kafin gurami ya juyo, koridoras kuwa ba mai sharar tanki ba ne da zai rayu da ragowa, yana bukatar nasa abincin mai nutsewa, da yashi mai laushi wanda ba zai cinye masa gashin baki ba.

Sabon tanki bai zama gida ba tukuna

Ko da an yi zaɓe mai kyau, zuba kifaye gaba ɗaya a ranar da aka cika tanki yana iya kashe su duka. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawa ta gaɓoɓin numfashinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe amoniya take zama, kuma guba ce. A tankin da ya kwana biyu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, zaune a soson matata da yashi, waɗanda ke mai da amoniya naitirait, wasu kuma su mai da naitirait naitiret. Naitirait shi ma guba ne, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iska. Naitiret ne mai sauƙi, shi ake ragewa da canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa duk mako. An daɗe ana zaton bakteriyar Nitrobacter ce ke aikin mataki na biyu, sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ce.

Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi da yawa, kuma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Ma'aunin pH da zafi sun sake shigowa a nan. Kashin amoniya mai guba yana ƙaruwa da pH: a digiri 25, in pH 7 ne bai kai kashi 1 cikin 100 ba, in 8 ne ya haura kashi 5, zafi kuma yana ƙara shi. Mai ruwan burtsatse mai nauyi da pH mai yawa a garin zafi shi ya fi kowa bukatar haƙuri.

Tsohuwar al'ada ita ce a jefa 'yan daniyo masu juriya su sha gubar har tankin ya nuna. Ban ga dalilin wahalar da rai a kan abin da ke da wata hanya ba. Ana iya kunna matata, a riƙa saka ɗan abincin kifi a tankin da babu kifi, ana aunawa, har amoniya da naitirait su tashi su dawo sifili. Wanda ya samu tsohon soso daga tankin aboki mai lafiya ya rage kwanakin sosai. Daga nan a shigo da garke ɗaya, a jira mako biyu, a ƙara na gaba, mai son mallakar yanki ya zo a ƙarshe don kada ya ɗauka duk tankin nasa ne. Soson matata da ruwan tanki ake ɗauraye shi, ba ruwan famfo ba. Ƙwayoyin nan su ma iska suke shaƙa, don haka a inda wuta ba ta da tabbas, matatar soso da ƙaramin famfon iska mai batir ko na sola sun fi babbar na'ura mai tsada amfani, kuma ya kamata yawan kifin ya zama wanda zai iya kwana ba wuta. Wanda ya samu hali ya ware sabon kifi a wani ɗan tanki na mako biyu zuwa huɗu, saboda cutar farin ɗigo, wadda kifi ɗaya ke iya yaɗa wa kowa.

Namu na gida

Ba kowa ya san cewa Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake fitar da kifin ado daga kogunansu ba. Kiribensis, wanda namijinsa ke kai santimita 10 macen kuma take da jan ciki, ɗan kudancin Nijeriya da gaɓar Kamaru ne, kuma yana cikin kifayen da suka fi farin jini a tankunan Turai. Shi ne na gida da ya fi dacewa da sabon shiga, da sharaɗi ɗaya: in ma'aurata suka yi ƙwai a kogonsu, za su kori duk wanda ya kusanci ƙasan tankin, don haka ba a haɗa su da koridoras a ƙaramin wuri. Kifi mai hancin giwa, wanda ke lalube da 'yar wutar lantarkin jikinsa cikin dare, yana bukatar tsutsa da duhu da ƙwarewa. Ba na farawa ba ne. Kifin malam-buɗe-littafi mafaraucin saman ruwa ne, kuma yana tsalle ya fice in babu murfi.

Sai kuma jarabar ɗauko 'ya'yan kifi daga dam ko gulbi. 'Yar ƙarfasa tana da kyau, amma za ta tone yashi, ta cinye tsirrai, ta girma ta mamaye tanki. Tarwaɗa za ta haɗiye kowa. Kurungun kogunanmu yawancinsu sun fi ƙarfin tankin lita 100, minjirya kuwa ba a ma maganar haɗa ta da wani. Kifin daji kuma yakan zo da ƙwayoyin cutar da shi ya saba da su, na shago bai saba ba.

Ga mai tankin lita 100 a garin zafi, wanda gwaji ya nuna ruwansa mai nauyi ne, zan ce ya tsaya ga gupi maza 8 ko filati 6, da koridoras buronz 6 a ƙasa, sai ankistiros ɗaya, ƙanin fileko mai gashin hanci wanda ba ya wuce santimita 13 zuwa 15. In ruwansa marar nauyi ne ko matsakaici, rasbora halikwin 10, masu baƙin tabo mai kusurwa uku a gefe, da kuli ko koridoras sitabai 6, da gurami mai ruwan zuma guda biyu, haɗi ne da ba ya ba da wahala. Mai sha'awar na gida ya ɗauki ma'auratan kiribensis, ya tanadar musu kogo biyu a kusurwoyi daban-daban, ya sa musu garke ɗaya na ƙananan kifaye masu sauri da ke zama a sama. Kifin zinariya ya samu nasa babban tankin shi kaɗai, oska da shak da babban fileko kuwa a bar su a shago.

Wanda ya riga ya sayi kifin da ya fi ƙarfin tankinsa, ya mayar wa mai shago ko ya nemi mai babban tanki ya ba shi, amma kada ya sake shi a kogi ko dam. Filekon da aka saki haka ya cika kogin Marikina a Filifin, ya kuma durƙusar da kamun ƙarfasa a madatsar ruwa ta Infiernillo a Meziko, inda masunta suka koma jawo shi a koma maimakon kifin da suke sayarwa. Ruwan yawancin kogunanmu ɗumi ne, irin wanda wannan kifi yake so. Kai kuma da ke shirin farawa, auna ruwanka tukuna, ka rubuta sunayen kifayen da suka dace da shi da girman da kowanne zai kai, ka shiga shago da takardar a hannunka, ka sayi abin da ke cikinta kawai.